Ambaliya a duniyar Mars: ruwa ne ko narkakken dutse?

Malamin sakandare: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan cewa an taɓa yin koguna da tafkuna, har da ambaliya, a duniyar Mars. Na'urar Curiosity ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauka a ramin Gale a watan Agustan 2012, kuma ba ta cika wata biyu ba sai da ta ci karo da tsakuwa mulmulalliya a manne cikin dutse. Me ke mulmula tsakuwa haka in ba ruwa mai gudu ba?

Alhaji mai shago: Wa alaikumus salam Malam. Ban gamsu ba. Iskar Mars ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba, sanyi kuma kusan digiri 60 ƙasa da sifili. Ka zuba ruwa a can yau, ko ya daskare ko ya bi iska. Ga guguwar ƙura da kan rufe duniyar gaba ɗaya. Me zai hana a ce ita ta goge duwatsun?

Direban tifa: Alhaji, a nan kam zan sa baki, don shekara da shekaru ina ɗibar yashi. Iska tana kwasar rairayi, amma ba ta mirgina tsakuwa mai girman ƙwan zabuwa har ta cinye mata kaifi. Ka ɗebo tsakuwar kogi da ta fashin dutse, ko ido a rufe hannunka zai bambance su.

Ɗalibar ilimin ƙasa: Gaskiyar Yaya direba. Sai dai Baba Alhaji bai yi laifi da ya yi shakka ba, don an sha yin gaggawa a kan Mars. A 2015 an sanar cewa wasu baƙaƙen layuka da ke gangarowa daga tuddai alamar ruwan gishiri ne, daga baya masana da yawa suka koma ganin busasshen yashi ne ke zamewa. Su ma manyan kwarurukan da kumbon Mariner 9 ya ɗauko hotonsu bayan isarsa a 1971, akwai masu cewa narkakken dutsen aman wuta ne ya yanka su. A kan Wata akwai kwarin Hadley mai lanƙwasa kamar kogi, alhali ba ruwa ne ya yi shi ba.

Alhaji mai shago: To kun ji! 'Yata ma ta goyi bayana.

Ɗalibar ilimin ƙasa: Rabi da rabi, Baba. Siffar kwari daga sama tana iya ruɗar mutum, abin da aka taɓa a ƙasa ne ba ya ruɗi. Curiosity ta huda dutse a Gale ta samu yumɓu, irin laka da ke kwanciya a gindin tafki. Wata na'urar NASA mai suna Perseverance kuma ta sauka a ramin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021, ramin da faɗinsa ya kai kilomita 45, ta tarar da tarin ƙasar da kogi kan jibge a inda yake shiga tafki, hawa-hawa a karkace. A saman wannan tarin akwai duwatsu da wasunsu suka wuce mita ɗaya. Ruwa mai tafiya a hankali ba zai kawo su nan ba, sai ambaliya mai ƙarfi.

Malamin sakandare: Kuma Alhaji, yanayin yau kake aunawa da abin da ya faru shekara sama da biliyan 3 da suka wuce. Kumbon MAVEN da ya isa can a 2014 ya auna yadda iskar rana, wato ƙananan ɓurɓushin da rana ke fesowa, ke zaizaye iskar da ta lulluɓe Mars har yanzu. Mu ma muna da misali a gida: a 1987 aka gano kwalekwale binne a ƙasa a Dufuna, jihar Yobe, mai shekara kusan 8,000, daga zamanin da ruwa ya wadaci yankin Tafkin Chadi fiye da yadda muke gani yanzu.

Alhaji mai shago: Na karɓi zancen tafki. Amma wane zafi ne ya narkar da ruwan, tunda an ce a wancan lokacin rana ba ta kai ta yanzu haske ba?

Ɗalibar ilimin ƙasa: Wannan tambayar ce ke hana masanan kansu barci, kuma ita ce ta fi burge ni. Wasu na ganin Mars ta daɗe da ɗumi da ruwan sama. Wasu na ganin ƙanƙara ce ta lulluɓe ta, sai aman wuta ko faɗowar wani babban dutse daga sama ya narkar da ita, ruwa ya ɓarke na ɗan lokaci ya sake daskarewa. Ni na fi karkata ga na biyun saboda duwatsun Jezero.

Malamin sakandare: A nan muka rabu, ƙanwata. Lakar Gale ta yi kauri na ɗaruruwan mita, kuma a hankali laka ke kwanciya. Ambaliyar kwana kaɗan ba za ta tara wannan ba.

Direban tifa: Malam, ka bar ni da ita kafin ta amsa maka. Tsakuwar nan ta Gale, tafiyar kilomita nawa ta yi a ruwa kafin ta mulmule?