Na kunyata yaro a kilas ya daina magana, mi zan yi?

Salamu alaikum malamai. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wani CEG (ƙaramar sakandare) nan cikin Damagaram, ina riƙe da 6e (ajin farko), kilas ɗina ba wanda babu, Hausawa, Barebari, Buzaye, har da yaran da rikicin Diffa ya koro iyayensu. Akwai wani ɗan Fulani da aka kawo daga wajen Tanut yana zaune gidan mutane a Zango. Ran nan ina cika takarda na ce ya faɗi sunan babansa, ya sunkuyar da kai yana murza bakin kaye (littafin rubutu), na maimaita har sau uku, raina ya ɓaci na ce kai ka dube ni in ina maka magana, yara suka tuntsire da dariya. Sati uku ke nan ko hannu bai ɗagawa, kuma lissafinsa ya fi na kowa. Ku ba ni shawara don Allah.

Wata madam daga Mirriya: Wa alaikumus salam mushe. Ai girmama ka ya yi ka ɗauka raini ne. Bafulatani ya kama sunan mahaifinsa gaban jama'a? Kunya ba za ta bar shi ba, mu kanmu Hausawa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Da ka miƙa mishi bik ka ce rubuta min, da an wuce wurin.

Tsohon direkta: Ɗana, kar ka ba shi haƙuri gaban kilas, idanu za ka sake tara mishi. Ka aike shi ya ɗauko maka alli lokacin hutu, in ya kawo ka ce rannan ban kyauta ba, ka yi shiru, kar ka jira amsa. Sannan ka taka har gidan da yake zaune ka gai da maigidan, yaran da suka baro iyayensu a daji yawanci ba mai zuwa tambayar su, wani ma ba karin kumallo yake zuwa lakwal.

Wani mushe: Ni da wasan taubasantaka nake maganin irin wannan, in haɗa Bafulatani da Babarbare benci ɗaya su yi ta tsiya. Har UNESCO ta sa wasan nan na Nijar cikin gadon duniya a 2014.

Madam daga Mirriya: A'a malam, ba yanzu ba. Wanda dariya ta jikkata za ka ƙara mishi da tsokana? Sai ya sake tukuna. Koyi gaisuwa ɗaya da fulatanci, ko "jam waali" ne, ka bari ya gyara maka bakinka.

Mai tambaya: Na gode Baba direkta, na gode madam. Ranar asabar in sha Allah zan shiga Zango, sai dai ban ma san gidan ba, kun ga abin kunya, sai na tambayi abokin zamansa.