Abin da aka tattauna kan zuwa Yellowstone da Grand Teton da mota

Jama'a, maganar yadda za a shirya zuwa waɗannan gandayen daji biyu na ƙasar Amurka ta yi tsawo, bari in tattara mana ita wuri guda.

1. Kowa ya yarda a kama masauki tun da watanni. A Yuli da Agusta ɗakunan cikin gandun dajin Yellowstone kan cika, sai dai garuruwan da ke bakinsa, West Yellowstone ko Gardiner.

2. Maɓuɓɓugar Old Faithful da ke Yellowstone kan feso tafasasshen ruwa sama kusan kowane minti 90, kuma ana rubuta lokacin da ake sa ran na gaba. A je da sassafe. Grand Prismatic kuwa, babbar maɓuɓɓugar ruwan zafi mai launuka, sai rana ta take, don tururin safe yana rufe launukanta. Kada a sauka daga gadar katako. Ƙasar ɓawo ce kawai, ruwan zafi na ƙarƙashinta.

3. Tazarar dabbobi: mita 23 daga ɓauna, mita 91 daga beyar da kyarkeci. Ɓauna ɗaya idan ta tsaya a titi, sai layin motoci ya miƙe, ba mai yi mata oda.

4. A tafi da rigar sanyi. Wurin tudu ne, asuba da ɗari ko a Yuli.

5. Naman halal yana da wuyar samu, a yi guzuri. Magariba kuma a Yuli sai wajen ƙarfe tara.

Inda aka rabu: wasu sun ce kwana uku sun isa Yellowstone, wasu sun dage kan biyar saboda sammakon zuwa kallon dabbobi a kwarin Lamar. Teton ma an ja: masu cewa a ratsa kawai, da masu cewa a kwana a hau kwalekwale a tafkin Jenny Lake. Ni dai ina tare da masu kwana.