Wa ya ba mai jifa izinin yanke hukunci?

Ɗan Rijiya: Jama'a abin nan ya daɗe yana cin raina. A watan Yunin 2023 aka jefe Usman Buda har lahira a kwatar Sakkwato. Mahauci ne, Musulmi, kan wata maganar ɓatanci ga Annabi (SAW) da aka ce ya furta ana gardama. Ba alƙali, ba shaidu, ba a ma tsaya an ji ta bakinsa ba. Kafin shi Deborah Samuel, ranar 12 ga Mayun 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kan saƙon murya a WhatsApp. Ni dai matsayina, duk wanda ya ɗauki dutse ya kashe mutum da sunan kare addini mai kisan kai ne, a gurfanar da shi. Jahilai sun mayar da ran ɗan Adam ba komai ba.

Malam Na-Zaure: Ƙanena ka iya bakinka. Wa kake kira jahili? Wanda aka taɓa masa Manzon Allah (SAW) zuciyarsa ta tafasa? Ashe yanzu kishin Annabi jahilci ne.

Ɗan Rijiya: Allah gafarta Malam, ban ce kishi jahilci ba ne. Kisan na ce.

Malam Na-Zaure: Ka ce jahilai, ga shi nan a rubuce.

Uwar Biyu: To Malam, wanda bai san cewa hukunci na hukuma ba ne, me za a kira shi? Ko a Risala da muka karanta a Islamiyya, haddi sai da shaida ko iƙirari. Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da kisan Deborah.

Bakano: Hajiya kin haddace izu nawa da za ki ce wa mutane jahilai? Wasunsu alarammomi ne.

Uwar Biyu: Ka ƙirga su ne? Kana wurin?

Bakano: Abokin yayana yana garin lokacin, shi ya faɗa mana.

Basakkwace: Kai Bakano kar ka sa mana baki. Ku da kuka saba da rigima. Sakkwato garin Shehu ne, garin ilimi, mafi yawan masu wannan aika-aika ba 'yan gari ba ne.

Bakano: Mu a Kano kotu muke kai mutum. Abduljabbar, malamin da aka zarga da ɓatanci, ba jifansa aka yi ba, muƙabala aka yi da shi a 2021, kotun shari'a ta yanke masa hukunci a Disamban 2022. Ku kuwa da aka kama mutum 2 kan kisan Deborah zanga-zanga kuka fito a sake su, sai da gwamnan lokacin, Tambuwal, ya sa dokar hana fita ta awa 24.

Malam Na-Zaure: Kar ka kawo mana zancen Abduljabbar nan, mun san ɓangaren da kake.

'Yar Bauchi: 'Yan uwa ni Kirista ce, cikinku na tashi, kuma ban yarda kowa ya zagi addinin wani ba. Amma ku dubi Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya. Bidiyon da ke Allah wadai da kisan Deborah ta tura, ta yi wata 18 a tsare kafin a ba da belinta. Su wa aka ɗaure a cikin waɗanda suka yi kisan? Ranar da irin wannan ta tashi, mahaifiyata ko ƙofar gida ba ta bari mu leƙa, maƙwabcinmu Alhaji ne ke aiko yaronsa ya sayo mana cefane.

Bakano: Yaya ina kike da aka ƙone mafarautanmu 16 a Uromi a Maris ɗin 2025? Ban ga kin yi rubutu ba.

'Yar Bauchi: Na yi kuka ranar, Allah shaida. Zaluncin Uromi ba ya wanke na Sakkwato.

Ɗan Damagaram: Mu mun gani a Janairun 2015. Zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) a jaridar Charlie Hebdo ta Faransa aka yi shi, amma majami'un Damagaram da Yamai aka ƙone, mutum 10 suka mutu. Masu jaridar ko ƙwarzane ba su ji ba daga wutarmu.

Malam Na-Zaure: Turawan nan da kuke biye wa, ka je Jamus ka musanta kisan Yahudawa ka ga ko akwai 'yancin magana. Kowa da jan layinsa. Har yanzu dai ina jira Ɗan Rijiya ya janye kalmar nan.

Ɗan Rijiya: Malam, mutum aka kashe, yana da iyali. Ba wanda ya amsa mini ko a gurfanar da makasa ko a'a.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Abin da na fahimta, kowa ya yarda cewa ɓatanci shi ne tushen fitina, kuma da hukuma na hukunta masu yin sa da wuri da ba a kai nan ba. Malam ya kawo hujja mai ƙarfi kan Turawa, ba wanda ya iya ba shi amsa. Ɗan Rijiya, ka ba Malam haƙuri, babba ne, kalmar jahilai ta yi kauri. Maganar kotu da ka tayar mu bar wa lauyoyi. Bakano da Basakkwace ku same ni ta bayan fage. Na rufe sharhi sai bayan Isha'i.