Iyafis a kunne ɗaya: kariya ce ko cutarwa?

Malam Bello: Assalamu alaikum. A ofishinmu da ke Gusau mu goma sha ɗaya ne a ɗaki guda, ga fanka, ga janareta a bayan taga, shi ya sa kusan kowa yake toshe kunne da iyafis. Ni a kunne ɗaya nake sa shi, domin ɗayan ya huta kuma in ji idan Yallaɓai ya kira. A ganina babu hanyar da ta fi wannan lafiya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Bello, ban yarda ba. Kunnen da ka bari a buɗe shi ne yake kwaso rurin janareta, sai ka riƙa ƙara murya ba ka sani ba, nauyin kuma ya hau kan kunne guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ke nan a desibel 89 awa 5 kacal gare ka.

Malam Bello: Ai bayan Azahar nakan sauya kunne, Hajiya.

Hajiya Rabi: Sauyawar tana rage lokaci, amma ba ta rage ƙarfin ƙarar. Na shekara ina rubuta bayanan taro daga rikodin da irin wannan dabara, har na fara jin ƙugi a kunne idan dare ya yi tsit. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya bayyana mini cewa siraran gashin da ke can cikin kunne, waɗanda suke karɓar sauti, ba su sake tsirowa idan sun mutu. Wannan magana ta tsorata ni ƙwarai.

Sani: Hajiya ta fi gaskiya, sai dai hedfon mai kashe hayaniya yana da tsada a kan albashinmu, kuma mai toshe kunnuwa biyu ba ya amsa sallama, abin da dattawa ba su ɗauka da wasa. Ni nakan tsayar da murya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, idan kuma na kusa da ni yana jin abin da nake saurare, na san ta yi yawa.

Malam Bello: Batun sallamar ne yake hana ni sa biyu. Amma ranar Litinin zan rubuta takarda a matsar da janaretan daga tagar, ina fatan za ku sa hannu.