Majsam da Hausa: me za mu ce wa kafinta?

'Yan'uwa masu kiwon kaji, daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala a nan Sudan, ga inda muka kwana kan neman sunan Hausa ga kalmar majsam. Itacen da ake gittawa cikin akurki don kaji su hau su yi barci, Larabci na kiransa majsam. Mu kuwa sai kwatance da hannu, kafinta ya ƙera abin da ya ga dama. Ba mamaki da ba mu da suna tsayayye: a da kaza reshen darbejiya take hawa ko kan danga, ba wanda ke sassaƙa mata komai. Yanzu da muke kulle su cikin waya saboda muzuru da ɓarayi, abin ya zama dole.

Wata innarmu daga Gadarif ta ce a kira shi makwanci. Inna, Allah ya ƙara girma, kalmar tana da daɗi, sai dai a bakin mai kaji kwanci na ƙwai ne. Ka ce makwanci, kowa zai ɗauka gurbin da kaza ke ƙyanƙyasa kake nufi, alhali waɗannan biyun ne ake son a raba. Dole itacen barci ya fi gurbin ƙwai tsayi, don kaza wuri mafi bisa take nema da magariba. In gurbin ne a sama, can za ta kwana, da safe ka kwashi ƙwai duk kashi.

An kawo matsuguni, kuma shi ya fi kusa da ma'anar Larabcin. Amma a shekarun nan, kunnenmu na jin matsuguni sai ya tuna waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Ban so mu ba kaji wannan kalma ba.

Tsanin kaji fa, da wani yayanmu ya kawo? Yaya, a nan ne ban bi ka ba ko kaɗan. Wanda ya ji tsani, hawa-hawa zai yi, wani kan wani. Zakara da manyan kaji su kame na sama da saran baki, na ƙasa su kwana ana zuba musu kashi a baya. A ƙaramin akurki gara duk su zama tsayi ɗaya, da tazarar santimita 30 zuwa 40 a tsakani, haka ma daga bango.

Ni na tsaya kan sandar kwana, jam'i sandunan kwana. Ko yaro ka aika da wannan suna, ya san itace ne miƙaƙƙe, ba bututun ƙarfe ba da ke ƙona ƙafa a zafin Afrilu, ba na roba ba mai santsi. Gyara ɗaya: kada a ɗauka siririya ce kamar sandar makiyayi. Kaza ba kamar gwara ba ce, ɗora ƙirji take yi a kan itacen. Faɗin santimita 4 zuwa 5, a goge gefen ya yi sumul, don sartse na huda tafin ƙafa ya kumbura ya yi mugunya. Tsayi daga ƙasa kamar rabin mita ya isa, musamman ga masu nauyi. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta yanka wa kowace kaza akalla santimita 15. A zafinmu, inda suke buɗe fiffike suna haki, ni 25 nake ba su.

Kuma kada a kafe ta da ƙusa. A yi mata mazauni yadda za a ɗaga a fitar rana, domin kaskar kaji cikin tsagar itace take ɓuya da rana, dare ya yi ta fito shan jini. Wanda aka ce masa wani suna a gidansu tun kakanni, musamman dattawanmu na Mai Wurno, don Allah ya faɗa mana kafin mu kai wa kafintoci.