Tambaya kan enzayim ɗin da ke ɗinke furotin a fata da gashi

Malamar firamare, Argungu:
Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da ƙanwata ta haifi ɗa namiji, ya fito lulluɓe da wata fata mai sheƙi kamar an naɗe shi a leda, fatar idanunsa kuma a juye. Bayan 'yan makonni ta saɓule, amma tun daga nan jikinsa yake yin ɓawo mai duhu irin na kifi. Likitan da ya duba shi a Birnin Kebbi ya ce mai yiwuwa wani enzayim (sinadarin da ke gudanar da wani aiki a cikin jiki) da ke ɗaure furotin ne ba ya aiki, su kuwa tsofaffinmu sun dage cewa yawan cin kifi da ciki ne ya jawo. Ina roƙon masana su yi mana bayani.

Malamin kimiyyar halittu, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya. Kifi ba shi da laifi ko kaɗan. Enzayim ɗin da likita yake nufi shi ne tiransgulutamines, kuma aikinsa ɗinki ne. Ƙwayoyin fata suna tasowa daga ƙasa zuwa sama cikin kimanin mako huɗu, kuma kafin su mutu wannan enzayim, da taimakon kalsiyam, yana haɗa gulutamin na wani furotin da laisin na wani (ƙananan tubalan da aka gina furotin da su ke nan), har furotin irin su lorikirin da inbolukirin su zama sulke guda mai tauri a jikin kowace ƙwaya. A kan wannan sulke kitsen fata yake zama ya hana ruwan jiki fita. Idan ƙwayar gadon da ke samar da wannan enzayim, wadda ake kira TGM1, ta samu matsala, ɗinkin ba ya kamawa, ruwa yana tsiyayewa, sai fatar ta yi ta ƙara kauri don ta rama, wannan ne ɓawon da kuke gani. A 1995 aka gano alaƙar cutar da TGM1. Yaro ba ya samun ta sai ya gaji matsalar daga uwa da uba duka, ko da su lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ta fi bayyana a auren zumunta. Idan haka ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai cutar.

Ma'aikaciyar jinya, Jega:
Yaya, abin da zan ƙara shi ne ba a ɗaukar cutar, don haka kada a hana kowa goya shi. Babu man da zai mayar da enzayim ɗin, amma wanka da ruwa mai ɗumi sannan a shafa Vaseline ko man kaɗanya tun jikin bai bushe ba yana sassauta ɓawon. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zafin Afrilu, domin ɓawon yana toshe hanyar gumi, jikin yaro ya yi zafi ba tare da zazzaɓi ba. A ajiye shi a inuwa, a riƙa goga masa jiƙaƙƙen tsumma, kuma likitan ido ya duba shi.

Mai kitso, Ƙaura Namoda:
Malam, shin wannan ɗinkin ne rilaksa take warwarewa idan mun miƙar da gashi?

Malamin kimiyyar halittu, Gusau:
A'a, Hajiya, ɗauri biyu ne daban. Rilaksa tana karya ɗaurin farar wuta da ke tsakanin zaren keratin, wato furotin ɗin gashi, shi ya sa gashin yake miƙewa kuma yake raunana. Ɗinkin enzayim kuwa ana yin sa ne tun a tushen gashi cikin fata, inda wani nau'in enzayim ɗin, TGM3, yake ɗaure furotin mai suna tirikohayalin. A 2016 masu bincike a Jamus suka nuna cewa matsala a TGM3, ko a wasu ƙwayoyin gado biyu masu aiki tare da shi, tana sa gashin yaro ya tashi tsaye ya ƙi kwanciya duk yadda aka taje shi, kuma yawanci yana yin sauƙi idan yaron ya girma.