Ciwon ƙugu da gwiwa bayan aikin ƙaba: ragar ce ko wani abu ne daban?

Manomin Rani:
Assalamu alaikum. An yi mini aikin ƙaba a matsematsin dama kimanin wata biyu da suka wuce, aka saka raga (wadda likitoci ke shimfiɗawa a ciki don toshe wurin ƙabar), kuma ɗinkin ya warke sarai, babu ruwa babu kumburi. Sai dai tun da na fara takawa sosai nake fama da ciwo a ƙugu, wanda yake gangarowa ta gaban cinya har gwiwa, musamman idan zan tashi daga zaman tahiya ko zan ɗaga ƙafa in hau babur. Wasu sun ce ragar ce ta danne jijiya, wasu kuma sun ɗora laifin a kan allurar kashe zafi da aka yi mini a gadon baya lokacin aikin. Shekaruna 58. Ina neman bayani daga masu sani.

Ma'aikacin Ɗakin Tiyata:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da likita zai fara tambayarka shi ne yadda ciwon yake, domin kamanninsa ne ke nuna inda ya fito. Akwai ƙananan jijiyoyi uku da suka ratsa matsematsi suna kai ji zuwa fatar mara, maraina da saman cinya, kuma ɗinki ko raga ko tabon da nama ke yi wajen warkewa yana iya kama ɗaya daga cikinsu. Irin wannan ciwo raɗaɗi ne kamar an shafa barkono, ko fizga, ko fatar ta sage, har mutum ya kasa jure zariyar wando a wurin. Amma waɗannan jijiyoyi ba su kai gwiwa ba. Wadda ke bin gefen cinya ta waje har kusa da gwiwa an fi taɓa ta a aikin da ake yi da kyamara ta ƙananan huji, ba na yanka ba.

Shi ya sa na fi zargin gaɓar ƙugun kanta. Idan gurunguntsin gaɓar ya fara cinyewa, a matsematsi ake jin ciwon, kuma yakan sauka har gwiwa saboda jijiyoyin da ke kula da gaɓoɓin biyu tushensu ɗaya ne. Sau da yawa matsalar tana nan tun kafin aiki, ƙabar ce ta ɗauke hankalin kowa, sannan kwanciya da ɗingishin makonni suka raunana naman cinya, sai ta fito fili. Hoton ƙashin ƙugu zai raba gardama. Allurar baya kuwa tana sakin mutum cikin sa'o'i, kuma abin da ta fi bari shi ne ciwon kai ko tsamin baya na 'yan kwanaki.

Maman 'Yan Biyu:
Maigidana ya yi irin wannan, kuma abin da ya taimake shi shi ne sashen gashi na asibiti, inda aka koya masa motsa jikin da ke ƙarfafa cinya. Ya ɗan jima yana salla a kan kujera kafin gwiwar ta saki.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Na yarda da bayanin da ya gabata, amma kada a wanke aikin gaba ɗaya. Kusan mutum 1 cikin 10 na samun ciwon da ke wuce wata 3 bayan aikin ƙabar matsematsi, kuma likita na iya gwadawa ta hanyar yin allurar kashe zafi daidai kan jijiyar: idan ciwon ya ɗauke na ɗan lokaci, to daga can yake. Baba, ka guji ɗirkar diclofenac ko ibuprofen kullum daga kemis, domin suna jawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda, balle tramadol da ke kama mutum. Ciwon jijiya ma magungunansa daban ne, sai likita ya rubuta. Idan kuwa sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo, ko gwiwar ta riƙa lanƙwashewa da kanta, to a tafi asibiti a ranar, domin kumburin yana iya zama daskarewar jini a hanyar jini.

Manomin Rani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu raɗaɗi a fata, kuma ƙafar ba ta kumbura ba, sai dai ƙugun yana ƙagewa da asuba, kuma tsuguno yana ba ni wahala tun daminar bara, kafin a yi aikin. Zan koma wurin likitan da ya yi mini aikin in nemi a ɗauki hoton ƙugun, in sha Allahu.